Sa kayan gyaran wani kamfani ba ya kashe garantin babur: fashin baƙin dokar Amurka

Mutum ya sayi babur na shiga daji mai sauƙin kuɗi, irin wanda ake kawo masa har ƙofar gida a cikin kwali, shi da kansa zai ɗaura tayar gaba ya ɗaure notuna. Bayan wata biyu sarƙa ta saki, fulogi ya yi baƙi, ya sayo na wani kamfani ya saka. A wata na uku batir ya daina ɗaukar caji. Da ya kira masu garanti, tambayar farko da suka yi masa ita ce ko ya taɓa canza wani abu a jikin mashin ɗin. Ya ce e. Suka ce to ai garanti ya tashi. A Amurka wannan amsa ta saɓa wa doka, tun shekarar 1975 kuwa, amma har gobe akwai masu sauke waya su haƙura, su sa hannu a aljihu su biya gyaran da ba nauyinsu ba ne.

Dokar ana kiranta Magnuson-Moss. Sanata Warren Magnuson na jihar Washington da ɗan majalisar wakilai John Moss na Kalifoniya suna cikin waɗanda suka ɗauki nauyinta, shugaba Gerald Ford ya sa mata hannu ranar 4 ga Janairun 1975. Ba don babura kaɗai aka yi ta ba, ta shafi duk wani kaya da aka saba saye don amfanin kai ko na iyali, daga firiji zuwa mota. Hukumar Kasuwanci ta Tarayya, wato FTC, ita aka damƙa wa sa ido a kanta da fitar da ƙa'idojin aiki da ita.

Sashen da ya fi shafar mai babur shi ne na 102(c). Ma'anarsa a taƙaice: kamfanin da ya ba ka garanti ba shi da ikon gindaya maka sharaɗin cewa sai ka yi amfani da wani kaya ko wani wurin gyara da ya ambata da suna, in ba haka ba garanti ya mutu. Ƙofa biyu kawai aka bar masa. Ko dai ya ba ka kayan ko aikin kyauta, ko kuma ya je gaban FTC ya gamsar da ita cewa abin da ya ƙera ba zai yi aiki daidai ba sai da wannan kayan, ta ba shi izini. Saboda haka in kamfani yana so ka riƙa zuba baƙin mansa shi kaɗai, sai ya ba ka kyauta. In kai za ka biya, zaɓi naka ne.

Akwai wata ƙa'ida ƙarama a ƙarƙashin wannan sashe wadda kamar don masu baburan araha aka rubuta ta. Garantin irin waɗannan babura sau da yawa na kaya ne kawai: in abu ya lalace za a aiko maka sabo, kuɗin aiki kuwa kai za ka ji da shi. To FTC ta ce a irin wannan garanti ba a isa a tilasta maka wanda zai ɗaura maka kayan ba. Tunda kai ke biyan bakanike, kai ke zaɓar bakanike. Ba a kuma yarda a riƙe kayan a ce sai ka kawo babur wajen dila sannan za a sake su ba. Wanda gidansa ke nesa da kowane dila, ko wanda babur ɗinsa ma ba shi da dila ko ɗaya, ya san darajar wannan.

Sai dai dokar ba ta ce ka yi abin da ka ga dama da injin sannan kamfani ya biya ba. Abin da take bi shi ne sanadi. In kayan da ka saka ko aikin da aka yi maka shi ne ya jawo lalacewar, kamfani yana da damar ƙin biyan wannan gyaran. Amma nauyin nuna hakan yana wuyansa, kuma iyakacin abin da zai ƙi shi ne ɓarnar da kayan ya yi, sauran garanti yana nan daram. Mutumin da muka fara da shi ya canza sarƙa da fulogi, abin da ya lalace kuwa na'urar cajin batir ce. Ina ruwan sarƙa da caji? Sai kamfani ya nuna igiyar da ta haɗa su, in babu, ya gyara.

A juya misalin. Babur na daji ƙura yake sha, shi ya sa matatar iskarsa yawanci soso ce da ake wankewa a shafa mata mai mai danƙo, ƙura ta riƙa mannewa a jiki. A ce wani ya sayo matata wadda bakinta bai zauna daidai ba, ko ya wanke ya mayar a bushe. Bayan 'yan makonni in ka cire ta ka zura yatsa cikin robar da ta nufi kafireto, za ka ji gari-gari kamar yashi mai laushi. Wannan garin shi ke shiga silinda, ya ci ringi, ya ci bawul, injin ya fara hayaƙi yana shan mai, ƙarfinsa ya ragu. Bakanike yana buɗewa zai ga zane-zane a bangon silinda, ba sai an yi musu ba. A nan kamfani ya samu hujja, kuma gaskiya tana gefensa. Ni dai ban ga laifin wannan ba, domin dokar da za ta sa wani ya biya sakacin wani ba za ta daɗe ana girmama ta ba.

Haka batun baƙin mai. Kamfani ba zai ce sai samfurin wane ba, amma yana da cikakken iko ya faɗi irin man da injinsa ke buƙata: kaurinsa, misali 10W-40, da matsayin ingancinsa. A yawancin babura kuloci yana cikin mai ɗaya da injin, shi ya sa littafin babur kan nemi mai mai alamar JASO MA, ma'aunin da Japan ta fitar don irin wannan kuloci. Wasu mayukan mota an zuba musu sinadarin ƙara santsi, in suka shiga babur sai kuloci ya fara zamewa, ka murɗa totur injin yana kuka babur ba ya gaba. Wanda ya zuba irin wannan ya ƙona faifan kuloci ba shi da bakin magana. Wanda kuwa ya sayi mai na kowane kamfani, muddin ya cika abin da littafi ya ce, ya tsaya a kan doka.

Wannan bambanci tsakanin suna da ma'auni shi ne asirin neman kayan gyaran babur mai araha gaba ɗaya. Da yawa daga cikin injunan da ke jikinsu kwaikwayon tsofaffin injunan Honda ne, musamman dangin CG125 da ya fito a tsakiyar shekarun 1970, don haka kayansu suna shiga juna fiye da yadda sunayen da ke jikin tanki ke nunawa. Sarƙa tana da lamba, 428 ko 520, sai adadin gaɓoɓinta. Boris ɗin taya yana da lamba a zane a gefensa, kamar 6202 ko 6301, kuma duk mai ƙera boris a duniya da wannan lambar yake aiki. Fulogi, taya, tub, duk suna da lambarsu. Ka cire tsohon, ka goge shi, ka karanta lambar, ka auna, ka nemi mai kyau. Sau da yawa abin da za ka samo ya fi wanda babur ya zo da shi ƙarko, kuma doka ba ta yarda a hukunta ka don ka gyara kayanka da abin da ya fi ba.

Kada a ɗauka maganar a takarda ta tsaya. A 2015 FTC ta kama sashen MINI na kamfanin BMW da laifin gaya wa masu motoci cewa sai da kayansa da dilolinsa garanti zai ci gaba, aka sasanta bisa ya daina. A shekarar ne kuma hukumar ta ƙara fayyace cewa ko kamfani bai fito ƙarara ya faɗa ba, in ya tsara kalamansa yadda mai saye zai fahimci haka, ya yaudare shi. A Afrilun 2018 ta aika takardun gargaɗi ga manyan kamfanoni shida, daga cikin abin da ta yi tir da shi har da ɗan lakabin nan da ake mannawa a kan noti ana cewa in ka yage shi garanti ya tashi. A Yunin 2022 aka zo kan babura kai tsaye: FTC ta tuhumi Harley-Davidson da sa irin wannan sharaɗi a garantinsa, da kuma rashin bayyana dukkan sharuɗɗan a takarda ɗaya, har sai mai saye ya je wajen dila ya tambaya. Aka umarce shi ya gyara takardun, ya rubuta a fili cewa kai babur wajen bakaniken da ba nasa ba ko saka kayan wani kamfani ba ya soke garanti. In an tanƙwara babban kamfani irin wannan, mai shigo da babura a kwali ba shi da wata mafaka ta daban.

Yanzu ga inda dokar ta gaza, kuma ya kamata mai saye ya sani tun kuɗinsa na hannunsa. Ba ta tilasta wa kowa ya ba da garanti a rubuce ba. Wasu baburan tsere ana sayar da su ba garanti ko kaɗan, wasu na 'yan kwanaki ne. Ba ta ƙayyade tsawon lokaci ba. Abin da ya fi ci mini rai, ba ta wajabta wa kamfani ya ajiye kayan gyara na wasu shekaru ba. Mai shigo da kaya zai iya sayar da babura a bana, baɗi ya rufe ya canza suna, ya bar ka da robar jiki da ta fashe ko akwatin wuta da ba ka san inda za ka samo irinsa ba. Sarƙa da boris ana samu ko'ina, abin da aka ƙera wa babur ɗin shi kaɗai ne ke kwantar da shi a jikin bango. Kafin ka saya, nemi waɗannan kayan ka gani ko akwai masu sayarwa fiye da mutum ɗaya.

Abin da dokar ta tabbatar shi ne ka ga takardar kafin ka biya. Duk kayan da kuɗinsa ya haura dala 15, dole a ba ka damar karanta garantinsa kafin ciniki, a shago ne ko a intanet. Wanda ya haura dala 10 kuma dole a rubuta a samansa ko cikakke ne ko mai iyaka. Na babura galibi mai iyaka ne, kuma a nan ake jera abubuwan da aka cire: kayan da ke cinyewa da aiki kamar taya da takalmin birki, shiga gasar tsere, ba da haya, rashin yin sabis a kan lokaci. Waɗannan halal ne kamfani ya cire su. Amma da zarar ya ba da garanti a rubuce, ba zai iya soke alkawarin nan da dokokin jihohi ke ɗora wa mai sayarwa ba, cewa kayan da ya sayar zai yi aikin da aka san irinsa da shi. Iyakarsa ya taƙaita lokacinsa daidai da na takardar.

Wani abu kuma da ake yawan cakuɗawa da wannan: 'yancin zaɓar kayan gyara bai ɗauke sauran dokoki ba. Tun daga ƙirar 2006 Hukumar Kare Muhalli ta Amurka take da ma'aunin hayaƙi ga baburan daji, kuma dokar tsabtar iska ta hana cire ko lalata na'urorin rage hayaƙi. A dazuzzukan gwamnatin tarayya ana buƙatar salansa mai ragar tare tartsatsi, don ƙwayar wuta ɗaya ta isa ta cinye busasshen daji. Salansar da ka sayo mai ƙara da sheƙi tana iya barin garantinka lafiya, amma ta ja maka tara a bakin daji.

In rigima ta taso, takarda ce ke magana. Sayi ɗan littafi ka ajiye kusa da sifanu. Duk ranar da ka juye mai, rubuta kwanan wata, nisan da mita ta nuna ko awannin da injin ya yi, da irin man da ka zuba, ka manna rasit a gefe. Ka saita bawul, rubuta. Ka wanke matata, rubuta. Tsohon kayan da ka cire jefa shi cikin leda ka ajiye har garanti ya ƙare. Yin sabis da hannunka bai saɓa wa komai ba, abin da za a nema daga gare ka shi ne shaidar an yi. In an ƙi gyara, nemi a ba ka dalili a rubuce, a faɗi wane kaya ne ya jawo wace ɓarna. Doka ta ce ka ba kamfani dama ya gyara kafin ka kai ƙara. In ya ƙi, kana iya kai koke ga FTC ko ofishin babban lauyan jiharka, ko ka shigar da ƙara. Kotun tarayya ba ta sauraron irin wannan ƙara sai kuɗin da ake jayayya a kai ya kai dala 50,000, don haka mai babur ɗin araha kotun jiha zai nufa, galibi ta ƙananan ƙararraki. In ya yi nasara, dokar ta ba alƙali damar ɗora wa kamfanin kuɗin lauya da na shari'a.