Sassaucin haraji a tsarin fansho na adashen gata a Najeriya

Sassaucin haraji a tsarin fansho na adashen gata shi ne rangwamen da doka ta yi wa kuɗin da ma'aikaci ke tarawa domin bayan ritaya. An kafa tsarin da Dokar Gyaran Fansho ta 2004, aka maye gurbinta da ta 2014, kuma hukumar fansho ta ƙasa, wato PenCom, ce ke sa ido a kansa. Ma'aikaci na zuba aƙalla kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10, duka su shiga asusu mai sunan ma'aikacin.

Sashe na 10 na dokar 2014 ne ya tanadi rangwamen. Ana cire kuɗin fansho kafin a lissafa harajin albashi. A ce Naira 200,000 ce albashin mutum a wata: 16,000 za ta tafi asusunsa, haraji ya hau kan 184,000 kaɗai. Idan yana matakin da ake karɓar kashi 15 cikin ɗari, ya tsira da Naira 2,400 kowane wata. Ribar da kuɗin ke samu a hannun kamfanonin da ke juya su ita ma ba a taɓa ta, kuma nan ne babban alherin yake, domin riba kan hau riba tsawon shekara talatin ba tare da an gutsure ta ba. Kuɗin da za a biya shi bayan ritaya ma babu haraji a kansu.

Gudummawar ganin dama, wato ƙarin da mutum ke zubawa a bisa abin da doka ta wajabta, tana da sharaɗi. Wanda ya cire kafin shekara 5 zai biya haraji a kan ribarta. Wasu masu babban albashi sun riƙa zuba kuɗi su cire nan da nan don kauce wa haraji, shi ya sa a 2017 PenCom ta tsaurara ƙa'idar cirewa.

Sai dai rangwamen ya fi amfanar wanda harajin ke hawa kansa. Dokar haraji ta 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, ta yafe haraji a kan Naira 800,000 ta farko a shekara, don haka mai ƙaramin albashi ba ya samun wani abin kirki daga cire kuɗin fansho kafin lissafa haraji. Hauhawar farashi kuma na cin darajar ajiyar, abin da babu rangwamen da ke maganinsa.

An buɗe wa 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu ƙofa a 2019 da shirin ƙaramin fansho. A 2021 kuma aka fito da Asusu na Shida, ɗaya daga cikin rukunan asusun da kamfanonin fansho ke juya kuɗi a cikinsu, wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, yana zuba jari a sukuk, wato takardun zuba jari bisa tsarin Musulunci, da makamantansu, kuma rangwamen dokar ya shafe shi kamar sauran asusun.