Waiwaye: Yadda gwamnatoci suka soma neman afuwar yaran da aka zalunta a gidajen reno

A ranar 11 ga Mayu, 1999, Firaministan Ailan, Bertie Ahern, ya fito ya nemi afuwar mutanen da aka azabtar suna yara a gidajen marayu da makarantun horo na ƙasar. Ya amsa cewa hukuma ta gaza, ba ta lura da halin da suke ciki ba, ba ta kuma kai musu ɗauki ba. A lokacin ba a saba jin irin wannan magana daga bakin shugaba ba. Daga baya shugabannin Ostireliya, Kanada, Birtaniya, Suwizalan, Denmak, Amurka da Niyu Zilan duk sun bi sahu, kowa da nasa tarihin, amma labarin ya yi kama da juna har abin ya ba da tsoro.

Da farko, akasarin yaran nan ba marayu ba ne. A Ailan talauci ne ke kai yaro irin waɗannan gidaje, ko rashin zuwa makaranta, ko kuwa an haife shi ba da aure ba. Kotu ce ke miƙa shi, ƙungiyoyin cocin Katolika ke riƙe shi, gwamnati kuma na biyan kuɗi gwargwadon yawan kawuna. Wannan tsarin biyan kuɗi kaɗai ya isa ya bayyana abubuwa da yawa: gidan da ya cika da yara shi ke da kuɗi, don haka babu wanda ke gaggawar mayar da yaro ga uwarsa. A Kanada kuwa manufar a fili take. An kwashi yara kimanin 150,000 na 'yan asalin ƙasar zuwa makarantun kwana domin a raba su da harshensu da al'adarsu. Ana aske musu gashi ranar da suka iso, a ba yaro lamba, a dake shi in ya yi magana da harshen iyayensa. Sai a ƙarshen shekarun 1990 aka rufe na ƙarshe a cikin makarantun. Ita ma Birtaniya ta yi ta loda yara a jiragen ruwa zuwa Kanada da Ostireliya da wasu ƙasashen da ta mallaka. Da yawa an ce musu iyayensu sun mutu, alhali suna nan da ransu, su ma iyayen an faɗa musu wata ƙaryar daban.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan tarihi shi ne hukumomi sun sani, kuma sun sani tun da wuri. A 1907 wani likitan gwamnatin Kanada, Peter Bryce, ya rubuta rahoto kan yadda tarin fuka ke kashe yara a makarantun kwanan saboda cunkoso da rashin iska. Ya ba da shawarwari, aka yi watsi da su, aka kuma mayar da shi saniyar ware har ya bar aiki. A 1946 Fada Edward Flanagan, ɗan asalin Ailan da ya yi suna wajen renon yara a Amurka, ya ziyarci ƙasarsa ya yi tir da yadda ake tsare yara. Ministan shari'a na lokacin ya ce zuzuta abin yake yi. A 1956 wata tawaga daga Birtaniya ta je Ostireliya ta duba gidajen da ake kai yaran, ta ga wasunsu ba su dace da zaman yaro ba, amma aka ci gaba da turawa. Saboda haka duk wanda ya ce zamani ne, mutanen da ba su san illar abin ba, bai karanta takardun ba. Akwai waɗanda suka gani suka faɗa, sai dai yaran ba su da wani mai faɗa a ji da zai tsaya musu.

Ba gwamnatoci ne suka tono asirin ba. A 1986 wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a a Nottingham, Margaret Humphreys, ta samu wasiƙa daga wata mata a Ostireliya da ke cewa tana ƙarama aka sa ta a jirgi ita kaɗai, tana son sanin ko ita wace ce. Humphreys ta bi diddigi, ta tarar da dubbai irinta, ta kafa ƙungiyar da ta yi ta haɗa tsofaffi da iyayensu da 'yan uwansu, wasu kuma sai kabarin uwa aka iya nuna musu. A 1990 wani shugaban 'yan asalin Kanada, Phil Fontaine, ya faɗa a bainar jama'a cewa an ci zarafinsa a makarantar kwana, wannan ya buɗe bakin mutane da yawa. Afuwar da Ahern ya nema ta zo ne ana tsaka da nuna wani shirin talabijin na 'yar jarida Mary Raftery, wanda ya girgiza Ailan. A garin Tuam na Ailan kuma wata mai binciken tarihi, Catherine Corless, da kuɗinta ta riƙa karɓar takardun shaidar mutuwa ɗaya bayan ɗaya har ta tara na yara 796 da suka rasu a gidan mata da jarirai, inda ake kai matan da suka yi ciki ba da aure ba, tsakanin 1925 da 1961, ba tare da an san inda aka binne su ba.

Daga nan sai hukumomin bincike. Rahoton Ryan na Ailan ya fito a 2009 bayan shekara tara ana aiki, ya tabbatar da cewa duka da wulaƙanci ruwan dare ne, lalata da yara kuma ta yi katutu a gidajen maza, ma'aikatar ilimi tana gani tana kawar da kai saboda ganin girman coci. Hukumar gaskiya da sulhu ta Kanada ta kammala a 2015 da shawarwari 94, ta kira abin da aka yi kisan kiyashi ga al'ada.

Neman afuwar ma bai zo da sauƙi ba. A Ostireliya rahoton raba yaran 'yan asalin ƙasa da iyayensu ya fito tun 1997, amma Firaminista John Howard ya ƙi neman afuwa a madadin ƙasa, yana cewa mutanen yau ba za su ɗauki laifin na jiya ba. Sai ranar 13 ga Fabrairu, 2008, Firaminista Kevin Rudd ya yi. Stephen Harper na Kanada ya yi nasa a watan Yunin shekarar. A Nuwamban 2009 Rudd ya sake tsayawa gaban waɗanda ake kira mutanen da aka manta da su, kimanin 500,000 da suka tashi a gidajen reno, Gordon Brown na Birtaniya ya biyo baya a Fabrairun 2010. Kada a raina wannan. Mutumin da ya shekara hamsin ana ce masa maƙaryaci, ranar da shugaban ƙasa ya ce mun yarda da kai, an sauke masa wani nauyi da kuɗi ba ya saukewa. Shi ya sa ake ganin dattawa suna kuka a zauren majalisa riƙe da hotunan 'yan uwansu da ba su ga ranar ba.

Amma a wajen diyya ne ake gane zuciyar hukuma. A 2002 gwamnatin Ailan ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin cocin cewa za su ba da yuro miliyan 128, ita kuma ta ɗauke musu sauran. Kuɗin da aka kashe ya haura yuro biliyan ɗaya, talakawa masu biyan haraji suka ɗauki mafi yawa. Bayan rahoton gidajen mata da jarirai na 2021, wanda ya gano yara kusan 9,000 sun mutu a gidaje 18, an tsara diyyar da ta cire duk wanda bai kai wata shida a gidan ba yana jariri, kamar raba jinjiri da uwarsa abu ne da ake aunawa da kwanaki. A Ostireliya hukumar binciken lalata da yara ta ba da shawarar a riƙa biya har dalar ƙasar 200,000, gwamnati ta tsaya a 150,000. A Kanada an biya dalar ƙasar 10,000 na shekarar farko a makaranta da 3,000 na kowace shekara bayanta, amma an bar mutanen Newfoundland da Labrador a baya, sai da suka je kotu kafin Justin Trudeau ya nemi afuwarsu a 2017. Yaran da Birtaniya ta tura ƙetare sun jira kusan shekara tara bayan jawabin Brown kafin a amince da ba kowa fam 20,000. Da yawa sun riga mu gidan gaskiya suna jira.

An samu gyara na gaske a wasu wurare: rufe manyan gidajen da ke tara ɗaruruwan yara, tantance masu aiki da yara, tilasta kai rahoton cin zarafi, da dokar Ailan ta 2022 da ta ba mutum damar ganin takardun haihuwarsa da aka ɓoye masa. Sai dai raba yara da danginsu bai tsaya ba. Yawan yaran 'yan asalin Ostireliya da ke hannun hukuma ya ninka fiye da sau biyu tun daga 2008. A Kanada kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta yanke hukunci a 2016 cewa gwamnati na nuna wariya wajen ƙarancin kuɗin da take ba hidimar yaran 'yan asalin ƙasa, ƙarar da mai fafutukar kare haƙƙin yara Cindy Blackstock da abokan gwagwarmayarta suka shigar tun 2007. Maganar ta ƙare da diyyar da ta haura dala biliyan 23.

Niyu Zilan na cikin na baya-bayan nan. Bincikenta ya ƙiyasta cewa an ci zarafin yara da manya masu rauni kimanin 200,000 a hannun hukuma da coci tsakanin 1950 da 2019, 'yan ƙabilar Maori suka fi shan wahalar. Gwamnati ta amsa cewa abin da aka yi wa yara a asibitin Lake Alice, inda ake jona musu lantarki a matsayin horo, azabtarwa ce. Firaminista Christopher Luxon ya nemi afuwa ranar 12 ga Nuwamba, 2024. Hukumar binciken ta nemi a kafa sabon tsarin diyya mai zaman kansa, don kada wanda aka zalunta ya koma roƙo gaban ma'aikatar da ta zalunce shi. A 2025 gwamnati ta ƙara kuɗi a tsohon tsarin, ta bar wannan shawara ba ta aiwatar ba.