Dokar Bindiga ta Ostireliya: Me Ta Ce, Kuma Wane Rai Ta Ceta?

A ranar 28 ga Afrilu 1996 wani ɗan bindiga ya buɗe wuta a Port Arthur da ke tsibirin Tasmaniya, ya kashe mutum 35. Kwana 12 bayan haka, gwamnatin Firaminista John Howard da gwamnatocin jihohi suka cimma yarjejeniyar ƙasa kan bindigogi. Sai da aka haɗa da jihohi saboda a Ostireliya kowace jiha ita ke yin dokar bindigarta, tarayya ba ta da ikon yin gaban kanta.

Abin da aka tanada ba shi da sarƙaƙiya. An hana jama'a riƙe dogayen bindigogi masu ɗura wa kansu harsashi bayan kowane harbi, sai a wasu sana'o'i ƙalilan. Kowace bindiga sai an yi mata rajista, mai ita kuma sai da lasisi. Wanda ya nemi izinin saye zai jira kwana 28. Dole a kulle bindiga a ma'ajiya, harsashi kuma a wani wurin daban. Sannan mai neman lasisi sai ya kawo dalili na gaskiya, kamar noma, farauta ko wasan harbi. Kare kai ba ya cikin dalilan da ake karɓa, kuma a nan ne aka raba gari da Amurka, inda tsarin mulki ya ba mutum 'yancin riƙe makami.

Gwamnati ba ƙwace ta yi ba, saye ta yi. Ta ƙara harajin lafiya na shekara guda, ta biya masu bindigogin da aka haramta, aka tattara kimanin 650,000 aka lalata. Manoma da mafarauta sun yi ca. Har sai da Howard ya sa rigar sulke a ƙarƙashin kwat lokacin da ya je yi musu jawabi a garin Sale.

To, ta yi aiki? Ya danganta da irin mutuwar da ake magana.

Ko kafin dokar, yawancin waɗanda bindiga ke kashewa a ƙasar ba 'yan fashi ne suka harbe su ba, su ne suka harbe kansu. A nan hujja ta fi ƙarfi. Binciken Andrew Leigh da Christine Neill na 2010 ya nuna jihohin da suka fi miƙa bindigogi su ne suka fi samun raguwar masu kashe kansu da bindiga. Likitoci na da bayani: tunanin kashe kai sau da yawa guguwa ce mai wucewa, bindiga kuwa ba ta barin damar nadama, kusan tara cikin goma da suka gwada da ita ba sa tashi. Makulli da jiran kwana 28 lokaci suke saya wa mutum har zuciya ta huce.

Batun laifi kuwa da sauran magana. Kisa da bindiga ya ragu, amma tun kafin 1996 yake raguwa, kuma masu bincike irin su Jeanine Baker da Samara McPhedran sun ce ba a ga dokar ta sauya tafiyarsa ba. Suna da gaskiya a wani ɓangare: adadin ƙarami ne, da wuya a raba tasirin doka da na sauran abubuwa. Ɗan fashi ma ba ya zuwa ofishin lasisi.

Sai dai kisan gilla da bindiga na mutum biyar ko fiye a lokaci guda, wanda ya faru sau 13 tsakanin 1979 da 1996, ba a sake ganin irinsa ba har 2018, lokacin da wani mutum a Osmington da ke yammacin ƙasar ya harbe iyalinsa shida sannan ya kashe kansa, da bindigar da yake da lasisinta.