Waiwaye: Shekara nawa ƙungiyar hoki ke ɗauka kafin ta farfaɗo?

Duk lokacin da wata ƙungiya a gasar hokin ƙanƙara ta NHL, wadda ake bugawa a Amurka da Kanada, ta sallami manyan 'yan wasanta domin ta sake gini daga tushe, sai magoya baya su shiga muhawara kan shekarun da za su jira. Adadin da ya fi zama a bakin mutane shi ne biyar, kuma yana da kyau a san inda ya samo asali.

Ƙungiyoyi biyu ne suka haife shi. Pittsburgh ta ɗauki Sidney Crosby a zaɓen matasan 'yan wasa na 2005, ta kai wasan ƙarshe a 2008, ta ɗaga Kofin Stanley, wato kofin zakarun gasar, a 2009. Chicago ta ɗauki Jonathan Toews a 2006 da Patrick Kane a 2007, ta ci kofin a 2010, karo na farko tun 1961. Sai dai masu lissafin sukan manta cewa Duncan Keith da Brent Seabrook, waɗanda suka riƙe wa Chicago baya, tun 2002 da 2003 aka zaɓe su, wato ginin ya ci shekara takwas.

Abin da ya fi sauya lamarin, a ganina, wani sashe ne na yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen rikicin 'yan wasa da masu ƙungiyoyi, wanda ya cinye kakar 2004-05 baki ɗaya. Kowa ya san a nan aka ƙayyade abin da kowace ƙungiya za ta kashe kan albashi, dala miliyan 39 a shekarar farko. Abin da ba a cika ambata ba shi ne rage shekarun da ɗan wasa ke samun 'yancin komawa inda ya ga dama. A da sai ya kai shekara 31, amma aka yi ta saukar da ita har ta tsaya a 27, ko kuma bayan kaka bakwai a gasar. Ma'ana, yaron da ya fara bugawa yana ɗan 18 zai iya tattara kayansa yana ɗan 25, daidai lokacin da ya nuna. Daga cikin waɗannan kakanni bakwai, uku na farko ne kaɗai ake samunsa da araha, a kan kwantiragin sabon shiga. Da zarar sun ƙare sai ƙungiya ta buɗe bakin aljihu, ko don ta ɗaure shi tun kafin ranar tafiyarsa ta zo.

Chicago ta ga haka ƙiri-ƙiri. Ta ci kofin 2010 ne a kaka ta ƙarshe ta ƙananan kwantiragin Toews da Kane, lokacin da ainihin albashin kowannensu bai kai dala miliyan ɗaya ba, ban da ladan ƙwazo. Ba a gama shagalin nasara ba aka fara rabuwa: Dustin Byfuglien da Andrew Ladd suka koma Atlanta, Kris Versteeg ya tafi Toronto, mai tsaron raga Antti Niemi ya ƙare a San Jose. Ƙungiyar ta sake cin kofin a 2013 da 2015, amma sai da ta riƙa sauya mutanen da ke kewaye da taurarinta kusan kowace shekara. Kwantiragi na biyu kuwa ya ci gaba da tsada. Wanda Connor McDavid, tauraron Edmonton, ya sa wa hannu a 2017 dala miliyan 12.5 ne a shekara, sama da kashi 15 cikin ɗari na iyakar albashin kakar da ya fara aiki. Matsalar mai gini ke nan: masu tsaron baya da masu tsaron raga ba sa nuna da wuri, kafin su ƙware rahusar ɗan gaba ta riga ta wuce.

Ƙuri'ar da ke tantance ƙungiyar da za ta fara zaɓen matasa ma ta ƙara tsawon jira, domin daga 2016 zuwa 2020 gurabe uku na farko sun kasance a hannun sa'a, ba lallai ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe ta samu ɗaya daga cikinsu ba. Colorado ta ƙare a ƙasan teburi da maki 48 a kakar 2016-17, amma ƙuri'a ta jefa ta ta huɗu, ko da yake faɗuwar ta zo daidai da zama, tunda a gurbin ta samu Cale Makar.

Idan aka ƙirga daga ranar zaɓen tauraro na farko, adadin ya yi nesa da biyar. Colorado ta ɗauki Nathan MacKinnon a 2013, kofi ya zo a 2022. Tampa Bay ta jira daga Steven Stamkos a 2008 zuwa 2020, Florida kuma daga Aleksander Barkov a 2013 zuwa 2024. Edmonton ta samu zaɓin farko sau huɗu tsakanin 2010 da 2015, amma ba ta taka wasan ƙarshe ba sai 2024, ta sake zuwa a 2025, duka biyun Florida ta doke ta. Buffalo kuwa, wadda ta zaɓa a gurbi na biyu a 2014 da 2015, ta yi kaka 14 a jere, daga 2012 zuwa 2025, ba ta ko shiga zagayen neman kofi ba.