Masu noman rani, a daina barin ƙasar lambu a buɗe

Daga Fabrairu zuwa Afrilu, duk mai lambu a ƙasan dam ɗin Dadin Kowa ko fadamun kogin Gongola ya san halin da ake shiga. Ka yi ban ruwa da safe, kafin la'asar fangali ya bushe har ya tsattsage. Da yawa daga cikin ruwan nan ba tumatir ne ya sha ba, rana da iska ne suka kwashe. Kuma da kuɗin fetur aka jawo shi.

Maganin yana nan zube a gonakinmu, muna cinna masa wuta bayan girbi: tattakar shinkafa, buntu, ɓawon gyaɗa, busasshiyar ciyawa, karan masara da aka daddatsa. A shimfiɗa a tsakanin shuka, kaurin yatsu uku zuwa huɗu. Laima za ta daɗe, saiwa ta samu sanyi, ciyawa ta kasa tsirowa tunda ba ta ganin rana, tumatir da kankana kuma ba za su kwanta a kan laka su ruɓe ba. In abin da aka shimfiɗa ya ruɓe, taki ne. Harawa dai a bar wa dabbobi, ta fi kuɗi a can.

Amma akwai ƙa'ida, 'yan'uwa. A fara cire ciyawa, a ba da ruwa ya ratsa, sannan a lulluɓe. Kada shimfiɗar ta taɓa gindin shuka, a bar tazarar tafin hannu, don damshin da ke manne da kara shi ke jawo ruɓa. Ciyawar da ta riga ta yi 'ya'ya kuwa, wanda ya shimfiɗa ta ya shuka wa kansa aiki. Haka karan tumatir ko tattasai da ya yi ciwo, wannan shi ne na ƙonewa. Garin katako a saman ƙasa kawai, in aka cakuɗa shi da ƙasa ganyen shuka zai ɗashe.

Tambayar da aka fi yi mana ita ce ta gara. E, tana zuwa, amma galibi busasshen abu take bi, kuma ramukanta na buɗe wa ruwa hanya a ƙasar da ta yi fako. A dai riƙa dubawa, musamman wajen ƙananan itatuwan mangwaro da gwaiba.

Masu rainon irin albasa su yaye ciyawar da suka lulluɓe irin da ita da zarar tsiro ya leƙo, in ba haka ba zai yi tsawo ya langaɓe. Da damina kuma, a ƙasar laka mai riƙe ruwa, a rage kaurin shimfiɗar.