Tambayoyi da Amsoshi kan Comète, Hanyar da Ta Tserar da Sojojin Ƙawance daga Hannun Jamus

Mece ce Comète?

Comète ƙungiya ce ta ɓoye da aka kafa a Beljiyam a 1941, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan Jamus ta mamaye Beljiyam da Faransa. Aikinta shi ne ta ɓoye sojojin Birtaniya da aka bari a baya, da kuma ma'aikatan jiragen yaƙi na Birtaniya da Amurka waɗanda aka harbo jiragensu suka diro da laima, sannan ta fitar da su zuwa Sifaniya, wadda ba ta shiga yaƙin ba. Wata budurwa ce mai shekara 24, Andrée de Jongh, wadda aka fi sani da Dédée, ta jagoranci kafa ta.

Yaya tafiyar take?

Daga Brussels akan ɗauki mutum a jirgin ƙasa zuwa Paris, daga nan zuwa yankin Bayonne a kudu maso yammacin Faransa, sanye da kayan farar hula, riƙe da takardun shaida na jabu. Akan gargaɗe shi kada ya buɗe baki a cikin jirgi, domin harshensa kaɗai ya isa ya tona asirin kowa. Mafi wahalar tafiyar ita ce ƙetare duwatsun Pyrenees, waɗanda suka raba Faransa da Sifaniya, da dare a ƙafa, tare da ratsa kogin Bidasoa, inda wani ɗan fasa-ƙwauri na ƙabilar Basque mai suna Florentino Goikoetxea yake yin jagora, saboda ya san hanyoyin kamar yunwar cikinsa. Idan an sauka Sifaniya, jami'an jakadancin Birtaniya ne suke karɓar mutanen su kai su Gibraltar, yankin da ke ƙarƙashin Birtaniya a kudancin Sifaniya. Ofishin MI9, sashen asiri na sojan Birtaniya mai taimakon sojoji su tsere daga hannun abokan gaba, ya riƙa biyan kuɗin tafiya, amma Dédée ta ƙi yarda ya karɓe ragamar ƙungiyar. Kusan mutum 800 ne suka kuɓuta ta wannan hanya.

Wane ne ya fi shiga haɗari?

A ganina wannan ce tambayar da ta fi cancantar a tsaya a kanta. Sojan da aka kama yakan zama fursunan yaƙi, kuma yarjejeniyar Geneva ta 1929 tana ba shi kariya. Manomin da ya ɓoye shi a rumbu, da matar da ta ciyar da shi daga ɗan abincin da ake raba wa iyalinta da kati, ba su da wata doka da za ta kare su. Hukuncinsu azabtarwa ce, sai harbi ko sansanin gwale-gwale. Jamusawa sun kuma riƙa turo 'yan leƙen asiri a matsayin matuƙan jirgi, shi ya sa ake yi wa kowane baƙo tambayoyin ƙwaƙwaf kafin a amince da shi. Duk da haka maciya amana irin su Jacques Desoubrie sun kutsa cikin ƙungiyar, aka kama ɗaruruwan masu taimako, da yawa ba su dawo ba.

Me ya sami Dédée?

An kama ta a watan Janairun 1943 a wani gidan gona da ke Urrugne, dab da iyaka, aka tura ta sansanonin gwale-gwale na Ravensbrück da Mauthausen, amma ta rayu. Mahaifinta Frédéric, wanda ya ci gaba da aikin a Paris, an harbe shi a 1944. Bayan yaƙi ta yi shekaru tana jinyar kutare a Kongo da Kamaru da Habasha da Senegal, ta rasu a Brussels a 2007.