Dikoi: agwagwar bogi da ake kamo ta gaske da ita

Duk wanda ya taɓa ganin maharbi ya ɗaura kan burtu a goshi, ya duƙa yana rarrafe har ya kusanci barewa, ya riga ya san rabin ma'anar dikoi. Bambancin kawai shi ne mai burtu shi ke bin nama, mai dikoi kuwa zamansa yake yi, naman ya kawo kansa.

Dikoi ita ce agwagwar da aka sassaƙa da itace ko aka yi da roba, aka yi mata fenti kamar ta daji, aka ɗaura mata igiya da ɗan ƙarfe mai nauyi don kada ruwa ya tafi da ita. Masana harshe suna danganta kalmar da Holan, inda "kooi" ke nufin keji, domin a can tafki ake haƙawa da magudanai rufe da raga, a lallaɓo agwagin daji har ciki. Amma dabarar agwagwar bogi ta daɗe a Amurka. A 1924 an tono guda 11 a kogon Lovelock da ke jihar Nevada, waɗanda mutanen asali suka saƙa da ciyawar fadama kimanin shekara 2,000 da suka wuce. Akwai lokacin da maharba ke ɗaure agwagi masu rai su yi musu kira, sai gwamnatin Amurka ta haramta hakan a 1935.

Mallakar dikoi ba ita ce gwaninta ba. Gwanintar tana wajen jera su a kan ruwa, musamman a fadamun bakin teku irin na jihar Luwiziyana da gaɓar Chesapeake a Amurka. Agwagwa ba ta sauka sai ta fuskanci iska, kamar jirgin sama. Saboda haka maharbi yakan kafa bukarsa iska na kaɗa masa ƙeya, ya jera dikoi kamar ƙugiya ko lauje, ya bar fili a tsakiya daidai inda harsashinsa zai kai, wato cikin yadi 35 zuwa 40. Wannan filin shi ne tarkon. In ka cike shi da roba, baƙin za su rasa masauki, su je can gefe su sauka inda sai dai ka bi su da ido.

Wahalar tana zuwa ƙarshen kakar farauta. Agwagwar da ta taso daga Kanada ta sha harbi a hanya, ta ga garken bogi iri-iri, ta zama tsohuwar zuma. Za ta yi ta shawagi a sama tana dubawa. Ƙyallin fenti a rana kaɗai ya isa ya kore ta, haka ma garken da ya yi tsit kamar an dasa shi. A nan ne masu wayo ke rage yawa, su sa shida ko goma a warwatse, su ɗaura wa wasu doguwar igiya suna fizga daga cikin buka don ruwa ya motsa. Ni a ganina igiyar nan ta fi dikoi mai batir da ke juya fukafukai, domin wanda kowa ke amfani da shi, shi tsuntsu ke fara ganewa.

Sai kuma abin da mai farautar tafki bai sani ba: teku na cika yana janyewa. In igiya ta yi gajarta, ruwa na cika sai dikoi ta nutsar da baki ko ta ɗaga ƙarfen ta yi gaba. In ruwa ya janye, sai ka tarar da garkenka kwance a gicciye cikin taɓo, kai kuma jirginka ya kafe sai bayan wasu sa'o'i.